Takalmin gudu na gwanjo a kasuwar Garwa: wanda ya dace da ƙafar dattijo da wanda bai dace ba

Ranar 14 ga Yulin 2025 mota ta kaɗe Fauja Singh a kan titi kusa da ƙauyensu, Beas Pind, a jihar Punjab ta Indiya, ya rasu yana da shekara 114 bisa abin da fasfo ɗinsa ya nuna. Manomi ne da ya koma Ingila a shekarun 1990 bayan rasuwar matarsa, ya zauna wurin ɗansa a unguwar Ilford ta gabashin Landan, ga jikoki, ga kewar gida. Yana da shekara 89 ya shiga gudun fanfalaki na Landan a 2000, ya gama kilomita 42 cikin awa 6 da minti 54. A Toronto a 2003 ya yi awa 5 da minti 40. A 2011 ya sake gama na Toronton yana ɗan shekara 100, cikin awa takwas da 'yan mintoci, amma Guinness, mai kundin bajintar duniya, ta ƙi sa shi a kundinta saboda ba shi da takardar haihuwa. Wannan kam mun san ta, dattawanmu nawa ne a Garwa da Marwa, waɗanda suka zo daga Kano ko Katsina da ƙuruciya, suke da takardar haihuwa? Ranar da ya fara zuwa atisaye wurin kocinsa Harmander Singh, da kwat da wando na fita unguwa ya je.

Idan labarin ya sa kana tunanin Baba ko Kaka ya fara sassarfa da safe, abu na farko da za ka kashe wa kuɗi shi ne takalmi. A nan kuma zaɓi biyu ne a zahiri: sabon kambas na kanti mai tambarin babban kamfani, wanda galibinsa jabu ne, ko na gwanjo da ake fasa dilarsa bayan ta hau daga Duwala. Hukuncina a taƙaice, na gwanjo na asali mai sauran rai ya fi sabon jabu nesa ba kusa ba. Amma a cikin tulin da ake zubewa a tabarma, kaɗan ne suke da sauran ran, kuma mai sayarwa ba zai ware maka su ba.

Dalilin yana cikin soson da ke tsakanin tafin roba na ƙasa da inda ƙafa ke zama. Shi ne takalmin, sauran duk ado ne. Yawancinsa ana yin sa da wani abu da ake kira EVA, cike yake da ƙananan ramukan iska da ke lotsawa idan an taka su dawo. Kullum ana taka shi wasu ramukan suna fashewa, har ya mutu. Masu harkar suna ƙiyasta ransa tsakanin kilomita 500 zuwa 800. Bature ya ci wannan nisan, ya ga takalmi ya daina ɗaukar masa nauyi, sai ya jefa a akwatin sadaka, alhali saman yana nan kamar sabo. An wanke shi da omo, an goge, an cusa takarda ya miƙe. Ido zai ce mai kyau ne, gwiwar Baba ce za ta ba da labari bayan mako biyu. Shi kuwa jabu tun daga masana'anta sosonsa ko dai tauri gare shi ko kuma ya lotse cikin wata guda.

Don haka kada ka fara da launi. Juya takalmin ka dubi gefen soson. Idan ka ga tamoji a kwance, layi bisa layi, musamman ƙarƙashin diddige, ya gaji. Zare shimfiɗar ciki ka danna da babban yatsa a wurin diddige da wurin tudun yatsu: mai rai yana lotsawa ya biyo yatsanka, matacce ko ya ƙi lotsawa ko ya bar rami. Sai ka ajiye ƙafa biyun a kan benci mai daidai, ka tsuguna ka dube su ta baya. Wanda ya karkata ciki ko waje ya riga ya ɗauki takun mai shi na farko, kuma zai tilasta wa idon sawun Baba wannan karkatar. Matsa ƙoƙon diddige da yatsa biyu, ya kamata ya yi tauri. Lanƙwasa takalmin: wurin yatsu ne kawai zai karye, idan ya ninke a tsakiya ajiye shi. Daga nan ka murɗa shi kaɗan ka duba ko bakin gam yana buɗewa. A ƙarshe ɗaga harshen kowace ƙafa ka karanta takardar ciki, domin a gwanjo ana haɗa 42 da 43 a ɗaure da igiya ɗaya, wani lokaci ba da gangan ba. Lambar samfurin da ke jikin takardar dole ta zama ɗaya a ƙafa biyun, kuma idan ka rubuta ta a Google hoton da zai fito ya zama wannan takalmin da wannan launin. Na Nike har kwanan watan da aka ƙera shi yana nan a rubuce. Wanda ya haura shekara biyar ko shida, ko ba a taɓa sa shi ba, gam ɗinsa ya bushe.

Cikin waɗanda suke yawan fitowa a dila, ASICS Gel-Nimbus ne na fi so wa dattijo. Yana da laushi ba tare da rawa ba, gindinsa da faɗi, kuma diddigensa ya fi gabansa tudu da wajen milimita 8 zuwa 10. Wannan tudun ba ƙaramin abu ba ne. Agarar mutum mai shekara 65 ba ta miƙewa kamar ta saurayi, takalmi mai tudun diddige yana rage mata ja. Ɗan'uwansa Gel-Kayano an yi shi ne don wanda ƙafarsa ke faɗawa ciki idan ya taka. Duba tsohon silifas ɗin Baba, idan gefen ciki ne ya fi cinyewa to Kayano zai taimaka masa, idan ba haka ba nauyi ne kawai ka ƙara masa.

Nike Pegasus yana da tudun milimita 10, ba shi da nauyi, robar ƙasansa tana jure kwalta. Matsalarsa wurin yatsu. Ƙafar da ta yi shekara sittin a cikin fade da silifas ta baje, yatsun sun ware, Pegasus na yau da kullum kuwa siriri ne a gaba. Kuma da yake sunansa ya yi yawa, jabunsa ma ya yi yawa, sai an lura.

Adidas masu soson Boost, wanda ya fito a 2013, su ne suka fi dacewa da zafinmu. Za ka gane shi da ido, fari ne kamar an manne ƙwayoyin dafaffiyar shinkafa. Ba EVA ba ne, kuma zafi ko sanyi ba sa canja shi sosai, ga shi yana daɗewa bai mutu ba, abin da ya sa na gwanjonsa ya fi saura yiwuwar samun sauran rai. Idan ya koma ruwan ɗorawa ba lalacewa ba ce, launi ne kawai, sai dai ka rage kuɗi da shi a ciniki. Aibinsa nauyi, sannan wasu samfuran, irin Ultraboost, samansu saƙa ce mai miƙewa da ba ta riƙe ƙafa a kan yashi.

Hoka Bondi shi ne wanda kowa ke ɗauka da farko saboda kaurin sosonsa, kuma gaskiya gwiwa tana jin daɗinsa a kan kwalta. Sai dai tudun diddigensa kusan milimita 4 ne kacal, don haka agara da sha-raɓa ne ke biyan bashin a makonnin farko. Ga tsayi: dattijon da ƙafarsa ba ta jin ƙasa sosai, idan ya taka dutse a kan hanyar burji, gurɗewa ta fi sauƙi daga sama. Don tafiya da sauri a kan titi mai kyau na yarda da shi, don lungunan unguwa ban yarda ba.

Akwai ukun da ko kyauta aka ba ka kada ka kai wa Baba. Na tsere mai farantin kabon, wato wani falle mai tauri, a cikin soson, irin wanda zakaru ke sawa: diddigensa siriri ne, yana rawa idan ana tafiya a hankali, kuma ransa gajere ne. Wanda aka rubuta Gore-Tex ko GTX a jikinsa: an yi shi don ruwan sama da sanyin Turai, a watan Afrilu na Garwa da zafi ke haura digiri 40 ƙafa za ta jiƙe da gumi a ciki, bororo ya biyo baya. Sai mai jakar iska a fili, irin Air Max, wanda ƙaya mai ƙarfi tana iya sace shi, ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo.

Kada ka sayo da lamba kawai ka kai gida. Kai shi kasuwar da kansa, da la'asar, lokacin da ƙafa ta kumbura ta kai girmanta, kuma da safar da zai riƙa sawa. Ya tsaya a tsaye, a bar faɗin babban yatsan hannu tsakanin yatsa mafi tsawo da bakin takalmi, wato santimita 1 zuwa 1.5. Yawanci wannan yana nufin ƙarin lamba ɗaya a kan ta takalmin sallarsa. A gwada ƙafa biyun, a bi wadda ta fi girma. Za ka ji mai kaya yana cewa, "Alhaji, ai zai buɗe, kwana biyu ne." Fata ce ke buɗewa, wannan ba fata ba ce. Shi ma Baban zai ce, "Ya yi, ya yi, kada a wahalar da yaro," don kunya. Sa shi ya taka zuwa ƙarshen layi ya dawo, ka duba ko diddige yana fita. Idan yana fita kaɗan, akwai rami na ƙarshe a saman wurin igiya da mutane ke bari banza, a zura igiyar ta nan a ɗaure.

Kafin a sa shi, a cire shimfiɗar ciki da igiya, a wanke da sabulu da ruwan sanyi da buroshi mai laushi, a shanya a inuwa har ya bushe sarai, saboda ƙaiƙayin tsakanin yatsu yana bin takalmi. A inuwa na ce. Ɗora shi a kan kwanon rufi da rana shi ne abin da ya fi kashe takalmi a garin nan: gam ya narke, soso ya tsuke, takalmin ya rage girma. Haka barin sa a cikin mota.

Takalmin ba zai yi aikin likita ba. Mai shekara 60 zuwa sama a fara auna masa hawan jini da suga, kuma mai ciwon zuciya ko wanda numfashi ke yanke masa a ɗan hawa ya ji ta bakin likita tukuna. Mai ciwon suga a duba masa tafin ƙafa da tsakanin yatsu kullum bayan ya dawo, domin yana iya yin rauni bai ji ba. Wata na farko tafiya ce kawai, minti 20 zuwa 30. Daga nan minti 1 na sassarfa, minti 2 na tafiya, a maimaita sau 8, kwana uku a mako da hutun yini a tsakani. Ma'aunin sauri shi ne ya iya amsa gaisuwa cikakkiya ba tare da haki ba. Zuciya da huhu suna saurin sabawa, jijiya da ƙashi kuwa sai an yi watanni, shi ya sa mutum ke jin ƙarfi a mako na uku ya ƙara nisa, a na biyar ƙwauri ko agara su zaunar da shi. Ciwon ƙirji, jiri, ko zafin da ke sauka hannu: a tsaya nan take, a tafi asibiti.

Lokacin kuwa bayan sallar asuba ne, musamman daga Maris zuwa Mayu. A hunturu, ranar da ƙura ta rufe gari, mai asma ko tari ya zauna gida. Kuma a tuna abin da ya kashe Fauja Singh, mota ce, ba gudu ba. Tunda a Kamaru dama ake tuƙi, mai gudu ya bi gefen hagu yana fuskantar abin hawa, da riga mai haske, don masu babur da asuba ba duka ne ke da fitila ba. Fili irin na kewayen filin wasa na Roumdé Adjia ko na makarantar unguwa ya fi bakin babban titi. Takalman asali da yawa suna da ɗan zane mai ƙyalli a diddige, haska shi da fitilar waya a kasuwa za ka gani.

In bakin takalmin ya buɗe, ana gyarawa. A goge ƙura da tsohon gam da samfefa, a shafa gam na roba a fuska biyun, a jira minti 10 zuwa 15 har ya daina kama yatsa, sannan a haɗa a danne, a bar shi yini guda. Mai gyaran takalmi zai so ya zagaye shi da ɗinki kamar yadda yake yi wa fade. A bakin gaba kaɗai za ka yarda. Idan basilla ta ratsa soson, zaren yana yanka shi a hankali, ƙullin da ke ciki kuma ya riƙa gugar ƙafa.