Ƙaramar taraktar da na saya don yankan ciyawa: tana aiki, amma kada ku biya sai kun gwada ta da silasha

Duk mai fili a kewayen Kumasi ya san ciyawar nan ba ta hutu. Damina biyu muke yi, babba daga Maris zuwa Yuli, ƙarama daga Satumba zuwa Nuwamba, tsakaninsu kuma ƙasa ba ta gama bushewa. Filinmu eka 4 ne a bayan Ejisu, da lemu da 'yan itatuwan kwakwar manja, da garken raguna a gefe. Ni a Aboabo nake zaune, ba kullum nake zuwa ba, kuma duk zuwan da na yi sai in tarar ciyawar Acheampong da tofa sun kai min ƙugu. 'Yan ƙwadago da adda kafin su kai ƙarshen filin, farkonsa ya sake tofowa. Feshi ba na so, saboda dabbobi da rafin da ke ƙasanmu. Babbar Massey Ferguson ta haya kuwa ba ta shiga tsakanin lemu, ga shi da ruwa ya sauka masu ita sun fi son su nufi Ejura huɗar masara da su zo wa mai eka 4.

Shi ya sa na sayi ƙaramar tarakta 'yar Japan, cikin tsofaffin nan da ake saukewa a Tema. Injin dizal ne mai silinda 3, ƙarfin doki 22, tayoyi huɗu duk suna ja. Silasha, wato na'urar yankan ciyawa da tarakta ke ja a baya, mai faɗin ƙafa 4 a Suame Magazine, unguwar makanikai ta Kumasi, aka ƙera min ita. Mai sayarwa ya so in ɗauki mai ƙafa 5, fita na, wato makanikena, ya hana, ya ce kowace ƙafa ɗaya ta silasha tana neman wajen doki 5, kuma ƙarfin da ke fita ta shaf ɗin baya, wato PTO, bai kai wanda aka rubuta a jikin inji ba. Ya yi gaskiya, don ko da mai ƙafa 4 ɗin, in ciyawa ta yi kauri sai na sauko giya ta biyu.

A farkon lamari daɗi na ji ƙwarai. Ba ta shan mai, tana juyawa a ɗan ƙaramin wuri, tana ratsa layin lemu ba ta karya reshe ba. Aikin da mutum uku ke kwashe kwanaki suna yi, da hantsi ake farawa a gama kafin la'asar. Macizan da ke kwana kusa da garke suka ragu. Har 'yan uwa biyu na faɗa wa su nemi irinta.

Sai ranar da ɗan yayana ya hau. Yaro ne mai hankali, ya daɗe yana tuƙa aboboya, babur ɗin kaya mai taya uku, kuma ba ranar ya fara hawa taraktar ba. Yana yanka ɓangaren da ya gangara wajen rafi, ya zo kusa da katangar garke, ya taka kuloci ya taka birki, tarakta ta ƙi tsayawa. Ina tsaye ina gani ƙafarsa na kan kuloci har ƙasa, ita kuma tana ci gaba da tafiya. Ta daki katangar bulo ta rushe gefe guda, tayar gaba ta faɗa lambatu, taraktar ta karkace har tayar baya ɗaya ta ɗaga sama. Ƙirjinsa ya bugi sitiyari. Allah ne ya tsare, don taraktar ba ta da ƙarfen kariya a saman kujera, kuma da ta ƙara karkata kaɗan da a kansa za ta kife. Uwarsa amana ta ba ni shi. Har yau in na tuna sai gabana ya faɗi.

Na kira wanda ya sayar min, na kwashe labari na faɗa masa. Abin da ya ce min shi ne, “Alhaji, ai yaron ne bai iya ba, ka daina ba yara.” Wannan maganar ta fi rushewar katangar ƙona min rai.

Washegari na kai ta Magazine. Masta, wato babban makanikin gareji, bai ma bari na gama bayani ba ya zagaya bayanta, ya kama shaf ɗin ya juya da hannu, ya ce, “Alhaji, ba laifin ɗanka ba ne, haka da yawa cikin tsofaffin nan suke.” Ya ce an ƙera su ne don fadamar shinkafa a Japan, su ja injin da ke farfasa ƙasa, wanda da ka taka kuloci ƙasa ke tsayar da shi nan take. Silasha ba haka take ba. Wuƙaƙenta masu nauyi ne, suna juyawa a iska, ko an raba su da inji sai sun daɗe suna juyi. A irin wannan tarakta shaf ɗin PTO a haɗe yake da giyar da ke tura tayoyi, saboda haka juyin wuƙaƙen ne ke komawa ta shaf ya tura tarakta gaba. Kuloci ya raba inji, amma bai raba silasha da tayoyi ba.

Maganin abin wani ɗan ƙarfe ne da bai wuce tafin hannu ba, mafitan suna ce masa obaranin kuloci. Ana zura shi a kan shaf mai haƙora 6 ɗin, sannan a haɗa silasha a jikinsa. Aikinsa kamar na firiwil ɗin keke ne: tarakta na iya juya silasha, silasha ba ta iya juya tarakta. Da aka sa shi sai da aka rage tsawon shaf ɗin silashar, don ya ƙara tsawo a baya. Tun daga nan in ka taka kuloci tana tsayawa cak, kana jin ƙas-ƙas-ƙas a baya har wuƙaƙe su gaji su tsaya.

Abin da ya tsaya min a rai ke nan. Mai sayarwar nan ya san don yankan ciyawa nake sayenta, da bakina na faɗa masa, har shawarar faɗin silasha ya ba ni. Sana'arsa ce, ba yau ya fara sayar da su ba. Kuɗin ƙarfen nan bai kai na taya ɗaya ba. Kalma ɗaya ce zai faɗa min ya ƙi, kuma da abin ya faru ya ɗora wa yaro.

Da raina ya ɓaci sai sauran abubuwan da na yi ta haƙuri da su suka dawo min. Tayoyinta na fadama ne, masu dogayen haƙora, in ƙasa ta jiƙe suna tone fili su bar kwari. Faɗinta kaɗan ne, shi ya sa ba ta da daɗin sha'ani a gangare. Duk rubutun jikinta da Japananci yake, babu littafi. Libar PTO tana da matakai, kuma Masta ne ya nuna min na farko kawai zan riƙa sawa, wanda ke ba da juyi wajen 540 a minti, don shi silasha ke so. Na sama suna iya tsinka wuƙa ta yi tsalle. Ragar gaban lagireto kuma ƙaiƙayin ciyawa na toshe ta, in ba ka tsaya ka kakkaɓe ba inji ya ɗau zafi. Filtar mai sai ka cire tsohuwar ka yi yawo da ita shago-shago ana gwadawa. Ciyawar da silasha ta yanka ma ba ta tattaruwa a ba raguna, niƙe ta take yi.

Ban ce kada a saya ba. Ga mai eka 3 zuwa 5 da itatuwa a ciki, ƙaramar tarakta ta fi babba, kuma da hunturu in gobarar daji ta fara, ita za ta share maka kewayen fili cikin sa'a guda. Amma ka je da fita naka, ba na mai sayarwa ba. A ɗaura silasha a gabanka, a kunna ta ta ɗau juyi, a sa giya, a taka kuloci a fili mai faɗi ka ga ko za ta tsaya. In ba ta tsaya ba, a sa ƙarfen kafin kuɗi su bar hannunka.

Na tambayi Masta ko zai ƙera min ƙarfen kariya na saman kujera, ya ce zai iya walda, amma ba zai ɗau alhakin cewa zai riƙe nauyin tarakta in ta kife ba. Don haka na hana kowa sauka da ita gangaren rafi, har ni kaina. Wannan ɓangaren, wanda ya fi ko'ina ciyawa, har yanzu 'yan ƙwadago nake biya su sare da adda, ga kuɗin katanga da na gyara daga aljihuna. Mai sayarwa kuwa tun ranar bai sake ɗaukar wayata ba.