Kanada ko Ostiraliya: wace ƙofa ta fi kusa da injiniyan Maraɗi?

Ƙanena da ka yi tambaya a zaure, ga amsarka. Ka ce shekarunka 31, kana da lisans na injiniyan gine-gine, ka yi shekara 5 kana aiki da wani kamfanin gini a nan Maraɗi, kana da mata da ɗa guda, Faransancinka ya zauna, Turanci kuwa sai dai a gaisa. Kana so ka san wacce za ka sa wa ƙarfi tsakanin bizar ƙwararru ta Ostiraliya da ta Kanada, tun kana gida, ba tare da wani kamfani ya kira ka ba.

Ƙasashen biyu duk da maki suke auna mutum, kuma a duka biyun ba biza kake nema da farko ba. Bayananka kake shigarwa a intanet kyauta, SkillSelect a Ostiraliya, Express Entry a Kanada, ka jira gayyata. In ta zo, kwana 60 gare ka ka cika takardu. Kamarsu ta tsaya nan.

Ostiraliya tana da biza uku da suka shafe ka. Mai lamba 189 zaman dindindin ce, ba mai ɗaure maka gindi, ka zauna garin da ka ga dama. Mai lamba 190 ita ma dindindin ce, amma sai wata jiha ta zaɓe ka, ta ƙara maka maki 5. Mai lamba 491 ta shekara 5 ce, tana ƙara maki 15, da sharaɗin ka zauna a wani wuri ban da Sidni da Melbon da Birisben. Bayan shekara 3 sai ka nemi dindindin ta hanyar 191. Kar kalmar karkara da suke kiran yankunan ta tsorata ka, manyan birane irin su Adalaid suna ciki.

Yanzu mu yi lissafinka. Mafi ƙarancin maki 65 ne. Shekaru 25 zuwa 32 suna ba da 30. Digiri, in sun yarda ya yi daidai da nasu, 15. Aikin shekara 5 a waje, 10. Ka samu 55. Turanci in ka ci 6 a kowane ɓangare na jarrabawar IELTS, an bar ka ka shiga layi ne kawai, ba ko maki ɗaya. Sai 7 ke ba da 10, 8 ta ba da 20. Ka ga ke nan 189 ta fi ƙarfinka a yau, kuma ko ka kai 65 ɗin, waɗanda suka fi ka maki ake fara kira. Da 491 za ka kai 70, amma kafin nan dole hukumar Engineers Australia ta tantance ka, kuma ita ma sai da sakamakon Turanci, sannan ka rubuta mata rahoton ayyuka uku da ka yi da hannunka, da Turanci. Kuɗin bizar ya haura dalar Ostiraliya 4,000 a kanka kai kaɗai, uwargida da yaro da nasu, kuma in ita ba ta da Turanci akwai wani kuɗin dabam da ya kusa kai na bizar. Da ka cika 33 makin shekaru ya sauko 25, a 45 kuma an rufe ƙofa.

A Kanada abin da yake maka cikas can shi ne jarinka. Faransanci harshen hukuma ne, za ka iya shiga da shi shi kaɗai. Tsarin ƙwararru na tarayya yana neman aikin shekara 1 a jere cikin shekaru 10 da suka wuce, mataki na 7 na ma'aunin harshe na Kanada a ji da magana da karatu da rubutu, tantance diflom a wuri irin WES mai auna takardun karatun ƙasashen waje, da maki 67 cikin 100. Bayan haka sai a jera ka da sauran duniya a ma'auni mai maki 1,200. Tun 2023 suka ware gayyata ta musamman ga masu Faransanci, domin suna so su ƙara yawansu a sauran larduna ban da Kebek, lardin da masu Faransanci suka fi yawa. Burinsu na 2025 shi ne kashi 8.5 cikin ɗari na sababbin mazauna can. A 2024 gayyatar kowa da kowa tana tsayawa sama da maki 500, ta masu Faransanci kuwa akwai lokutan da ta sauko ƙasa da 400. Wannan tazarar ita ce dukan maganar. Ga kuma kyautar maki 25 don Faransanci, ta koma 50 in ka haɗa da matsakaicin Turanci. In wani lardi ya zaɓe ka, 600 ne a dunƙule.

Sai dai akwai abin da ƴan Nijar ke rainawa, ya kayar da su: jarrabawar Faransanci ta TCF Canada ko TEF Canada. Wanda ya yi lakkol da Faransanci tun daga aji ɗaya yakan ɗauka ya gama, sai sauraro ya ba shi kunya, don muryoyin da sauri suke, agogo kuma ba ya jira. In ɓangare ɗaya ya gaza mataki na 7, sauran ukun ba za su cece ka ba. Sakamakon shekara 2 yake aiki, takardar WES shekara 5, bayananka a layi wata 12, don haka a jera su yadda wani ba zai mutu kafin wani ya iso ba.

Inda Kanada ta fi tsanani shi ne kuɗin zama. Ostiraliya ba ta neman shaidar ajiya a 189, ita kuwa Kanada a 2025 ta nemi ta ga kusan dalarta 23,000 ga iyali mai mutum 3, wato sama da sefa miliyan 9, a banki da sunanka, ba rance ba. Kuɗin da aka zuba daren jiya daga wurin wani Alhaji na kasuwa sai an tambaye ka asalinsa. Ka kuma sani Express Entry ba ta kai mutum Kebek, ita tsarinta dabam. Ontariyo, Manitoba ko Niyu Buranzuwik za ka dosa, kuma a can kasuwar aiki ta fi jin Turanci. Sunan injiniya ma ba ka ɗauka sai hukumar lardin ta ba ka lasisi, da yawa daga mataimaki suke farawa.

Ni dai da ni ne kai, Ostiraliya sai in ajiye ta. Shekarar da za ka kwashe kana neman 7 a IELTS za ta matsar da kai kusa da 33 inda makin shekaru ke sauka, alhali a Kanada abin da suke nema yana bakinka, ko da yake can ma tun daga 30 maki ke raguwa kowace shekara. Wanda ya ce ka ba shi miliyan ya samo maka gayyata, ka tambaye shi lambar rajistarsa a CICC, hukumar da ke ba masu ba da shawarar shiga Kanada lasisi, ka duba da kanka. Fara da TCF, ka nemi takardun makinka daga jami'a tun yanzu don WES, Turanci kuma ka riƙa koyo a gefe har ya kai mataki na 5.