Wayar da Ka Hango a Kan Teburina

Yaya, ina fatan kana lafiya, da Hajiya da yaran gida duka.

Tun ranar da muka yi waya ta bidiyo ka hango wayar nan a tsaye a bayana, ka ce in sayo irinta in aiko wa Hajiya, nake son in zauna in yi maka bayani a tsanake. Ka yi gaskiya, maɓallanta manya ne, muryarta a fili take, kuma za ta yi wa Hajiya daɗin riƙewa. Sai dai ina tsoron idan na aiko ta yadda take, ado kawai za ta zama a ɗaki.

Ba salula ba ce, wayar gida ce marar igiya, ba a sa mata sim. Abu biyu ne: gindin da take zama a kai, wanda ake jonawa da layin tarho na gida da kuma wutar lantarki, sai kan da ake ɗauka a hannu. Layin yana wurin gindin, shi kuma kan da siginar rediyo yake magana da shi. A cikin gida tana kai wajen mita 50, a fili kuma har 300, amma bango mai kauri yana rage mata ƙarfi ƙwarai. Ina fita da ita bayan gida wurin shanya ina magana lafiya lau, da na kai bakin titi sai ta fara tsinkewa.

A nan Ingila har yanzu gidaje da yawa suna da layin gida, musamman na dattawa. Mu kuwa ka san yadda ta kasance: layin NITEL bai taɓa isa ga yawancin gidaje ba, da GSM ta shigo a 2001 sai kowa ya tsallake kai tsaye zuwa salula. Gindin nan kuwa in babu layin da za a jona masa, ba shi da abin yi.

Ga kuma maganar wuta, wadda ita ta fi damuna. Tsohuwar wayar nan mai igiya daga cikin layin take samun wutarta, ko an ɗauke wuta tana aiki. Wannan ba haka ba ce. Wani dare a lokacin sanyi iska ta katse mana wuta, na ɗauki kan wayar, batirinta cike, allonta a kunne, amma ko ƙarar layi babu, domin gindin ya mutu. A nan sai a daɗe ba a ga irin haka ba. A gida fa? Kuma ko a nan ɗin ana ta tattaunawa a kai, saboda ana rufe tsohon layin tagulla, an sa ƙarshen Janairun 2027 a kammala, wayoyi suna komawa jikin na'urar intanet ta gida. Shi ya sa Ofcom, hukumar kula da sadarwa ta nan, ta ɗora wa kamfanoni su tanadar wa wanda ya dogara da layin gida abin da zai ba shi aƙalla awa ɗaya ta kiran lambar gaggawa 999 in wuta ta ɗauke.

Ban raina ta ba fa. Ina da kai biyu a kan gindi ɗaya, ɗaya a kicin ɗaya a sama, kuma ina kiran yara daga ƙasa ba sai na ɗaga murya ba. In ƙaramar ta cusa kan a ƙarƙashin matashin kujera, maɓalli ɗaya nake dannawa a jikin gindin, sai ya yi ta kuka har in gano shi. Tana kuma toshe lambobin 'yan damfara, waɗanda suka addabi tsofaffi a ƙasar nan.

Da na je saye, abin da na duba shi ne a rubuce take da DECT, tsarin da Turai ta fitar wanda su Panasonic da Gigaset suke bi, kuma ba ya karo da Wi-Fi. Ka gaya wa duk wanda zai sayo daga Amurka ya dakata: tasu DECT 6.0 ce, zangon rediyonta daban da na Turai, ƙarfin wutarsu kuma volt 120 ne, ba 230 irin tamu da ta Ingila ba. Batirinta ƙanana ne masu caji, AAA. Kada a kuskura a sa mata na tocila, don gindin zai yi ta tura musu caji har su yi yoyo su lalata ta.

Abin da nake gani zai dace da Hajiya shi ne wayar tebur mai sim, mai batiri a cikinta da manyan maɓallai. Amma kafin nan, ka juya bayan na'urar intanet ɗin gidanka ka duba ko akwai ƙaramin rami da aka yi wa alamar tarho, ka kuma tambayi kamfanin ko suna ba da layin kira ta wurin. In suna bayarwa, kuma inbata tana riƙe na'urar in an ɗauke wuta, to zan sayo mai kai biyu. Ka ɗauko mini hoton bayan na'urar in gani.

Ka gaishe mini da Hajiya sosai.