Fim ko wasan kwaikwayo wajen koyar da yaƙin 'yancin Aljeriya?

Malama, kin tambaya ko fim za ki nuna wa ɗaliban sakandare ko kuwa wasan kwaikwayo za ki sa su shirya idan kun zo kan yaƙin neman 'yancin Aljeriya, na 1954 zuwa 1962. Ni dai wasan na fi so, amma fim ma ba abin yarwa ba ne.

Wanda aka fi sani shi ne The Battle of Algiers na Gillo Pontecorvo, da ya fito a 1966. An ɗauke shi a lungunan Kasba, tsohuwar unguwar Algiers, babban birnin ƙasar, har Yacef Saadi, jagoran mayaƙan FLN, ƙungiyar da ta jagoranci yaƙin neman 'yancin, a birnin, ya fito a ciki. Cikin minti kaɗan yaro zai ga shingen sojoji da binciken mutane, abin da allo ba zai nuna masa ba. Sai dai a babban birni kawai ya tsaya. Babu tsaunukan Aures, babu ƙauyawa wajen miliyan biyu da sojojin Faransa suka kwashe suka tsugunar a sansanoni. Akwai kuma wuraren da fim ɗin ya nuna azabtarwa, don haka ki fara kallonsa ke kaɗai.

Wasa kuwa dole yake sa yaro karatu, domin ba zai iya magana da bakin wanda bai sani ba. Wanda aka ba matsayin harki, wato ɗan ƙasa da ya yi wa Faransa aikin soja, sai ya nemo dalilin da ya kai shi. Haka wadda ta fito a Baturiyar da aka haifi kakanninta a birnin Oran na Aljeriya, ba ta san wata ƙasa ba. Illarsa ɗaya: kowa zai so zama ɗan gwagwarmaya, a mai da sojan Faransa abin dariya, aji ya kaure da shewa, darasi ya bi ruwa.

Maganin haka, ki hana su fagen daga, ki zaunar da su teburin sulhun Evian na Maris 1962, wanda Faransa da FLN suka yi a garin Evian na Faransa don kawo ƙarshen yaƙin. Su yi gardama kan man fetur ɗin Sahara, da wuraren gwajin nukiliyar Faransa, da makomar Turawa kusan miliyan ɗaya da ke zaune a ƙasar. Fim ɗin kuma a ɗan gutsuro a nuna kafin a raba musu matsayi.