Shagon gyaran ɗakin sanyi a Katsina: ba sa zuba gas sai sun gano yoyo

Masu sayar da kifi da kaji masu ƙanƙara a Katsina sun san halin da ake shiga a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40: ɗakin sanyi ya ƙi sauka zuwa digiri 18 ƙasa da sifili, mai gyara ya zo ya ƙara gas ya karɓi kuɗinsa, bayan mako biyu a koma gidan jiya. Wannan shagon da ke wajen Ƙofar Ƙaura ya sha bamban. Ogan wurin tsohon sojan ruwa ne, a jiragen yaƙi a Legas ya koyi aikin, kuma tsarin can yake bi.

A jirgi ruwan teku ne ke sanyaya kwandansa, wato sashen injin da ke fitar da zafi waje, gishiri na cin bututu, shi ya sa ake ɗaura guntun tutiya ta riƙa cinyewa a madadinsa. Mu nan ƙurar hunturu ce matsalar. Tana toshe kwandansa, matsi ya hau, kwampreso, wato injin da ke matsa gas ɗin, ya yi zafi ya yanke. Don haka da wanki suke farawa, da ruwa marar ƙarfi don kada siraran farantan kwandansan su lanƙwashe.

Daga nan sai su kwashe ragowar gas, su cika layin da naitirojin, su bi kowace mahaɗa da kumfar sabulu. Inda kumfa ta kumbura, nan yoyon yake. Idan za su yi walda a bututun jan ƙarfe, suna barin naitirojin na ratsawa a hankali, domin idan babu shi baƙin ɓawo na taruwa a ciki ya je ya toshe bawul. Suna canza tacen bushe danshi duk lokacin da aka buɗe layi, su zuƙe iska har ma'auni ya kai maikiron 500, alamar kusan babu sauran iska a layin, sannan su zuba gas bisa sikeli daidai nauyin da ke rubuce a jikin injin. Ba sa gauraya nau'in gas R22 da R404A, don man kwampresonsu ma ba iri ɗaya ba ne. Wannan kaɗai ya isa a yaba musu.

Aikin hanyoyin iska a ɗakunan taro shi ma yana da kyau: suna liƙe mahaɗar kwano, su naɗe da abin rufi mai kauri don kada raɓa ta riƙa ɗigowa ta silin.

Inda suke da gyara shi ne lokaci. Kayan gyara kamar bawul da kwantakta (makunnin da ke ba injin wuta) daga Kano suke sayowa, aiki kan ɗauki kwanaki, kuma kuɗinsu ya fi na sauran. Wanda ke da kaya a ɗaki ya nemi inda zai ajiye su kafin a fara, ya kuma sa a ɗaura masa na'urar kare kwampreso daga ƙarancin wuta, don ba sa haɗa ta cikin lissafi sai an tambaya.