Gidan Tarihin Ƙasa na Manila: Kada a Tsaya Kan Spoliarium Kaɗai

Duk wanda hanya ta kai shi Manila, ina ba shi shawara ya ware yini guda don Gidan Tarihin Ƙasa na Filifin da ke gefen filin shaƙatawa na Rizal. Gine-gine uku ne kusa da juna, shiga kuma kyauta ce tun 2016.

Galibin jama'a ginin zane-zane suke fara dosa, wato tsohuwar majalisar dokoki, saboda Spoliarium, zanen da Juan Luna ya ci lambar zinare da shi a Madrid a 1884, lokacin ƙasarsa tana hannun Sifaniya. Faɗinsa ya haura mita 7. Gawarwakin 'yan wasan takobi na tsohuwar Rum ake ja a ƙasa bayan an tashi kallo, wata mata kuma ta juya baya tana kuka. Sai da jikina ya yi sanyi.

Amma inda ya fi ɗauke mini hankali ginin al'adu ne. Can na ga tulun Manunggul da aka samo a wani kogo a Palawan, ya haura shekara 2,700. Ƙasusuwan mamaci ake sawa a ciki. A kan murfinsa mutum biyu ne a kwalekwale, na baya yana tuƙi, na gaba ya harɗe hannuwa a ƙirji. Ƙanana ne sosai, sai an matsa kusa ake ganin fuskokinsu.

Sashen Bangsamoro kuwa, na Musulmin tsibiran Mindanao da Sulu da ke kudancin ƙasar, na daɗe a cikinsa. Ga takubban kris masu lanƙwasa, ga jerin kugen tagulla da suke kira kulintang, ga sassaƙar okir da 'yan ƙabilar Maranao ke ƙawata gidaje da ita. Da yawa ana ɗauka Filifin ta Kiristoci ce zalla, alhali Musulunci ya riga Turawan Sifaniya isa tsibiran nan. A ganina wanda ya tsallake wannan sashe rabin ƙasar ya gani. A ginin akwai kuma kayan San Diego, jirgin ruwan Sifaniya da ya nutse a 1600, tangaran na Sin da bindigogin igwa.

Masu yara su ƙarasa gini na uku, na dabbobi da tsirrai, su ga ƙwarangwal ɗin Lolong, kadan da ya haura mita 6. A je da safe kafin rana ta yi zafi, a sa takalmi marar nauyi, don akwai tafiya.