Kafin ka biya kuɗin HbA1c, ka san jinotayif ɗinka?

Yayata AS ce, kwanaki aka tura ta awon suga mai lab ya jero mata gwaji kala-kala kowanne da kuɗinsa, ta bugo min wai wanne za ta yi, tunda na ɗan leƙa makarantar lafiya shikenan an mai da ni likitan gida.

HbA1c dai shi ake yayi yanzu. Wani ɗan kaso ne na himogulobin (sinadarin da ke cikin jar ƙwayar jini) da suga ke manne wa, wani likita ɗan Iran Samuel Rahbar ne ya lura a 1968 yana yawa a jinin masu ciwon suga, a 2011 kuma hukumar lafiya ta duniya WHO ta yarda in ya kai kashi 6.5 cikin ɗari a ce akwai ciwon. Daɗinsa ba sai ka zo da yunwa ba, kuma yana tona asirin duk lemon da ka sha wata 2 zuwa 3 baya, don jar ƙwayar jini tana kai kwana 120.

To a nan gizo ke saƙar. Mai sikila SS ƙwayoyinsa kwana 10 zuwa 20 sun mutu, sugan bai gama mannewa ba, sai sakamako ya fito ƙasa a ce maka lafiya lau alhali ba haka ba. SS da SC da wanda aka ƙara wa jini kwanan nan, wallahi kar ku ɓata kuɗinku. AS da AC kuwa, shi AC ɗin ya fi yawa wajen Gana da Burkina, ya danganta da injin da lab ɗin ke aiki da shi, wani S da C ba sa rikita shi wani kuma suna yi, don haka ku faɗi jinotayif ɗinku ku tambaya, in mai lab ya fara kame-kame a canza waje.

Awon safe kafin karin kumallo ya fi araha kuma ba ruwansa da jinotayif, awa 8 ba ci sai ruwa, in ya nuna 7.0 mmol/L (wato 126 mg/dL) zuwa sama alamar ciwon ce, a sake maimaitawa wata rana. Na shan gulukos giram 75 yana kamo abin da na safe ya tsallake, shi kuma 11.1 mmol/L zuwa sama bayan awa 2 ne alamar ciwon, sai dai zaman jira ga zaƙi mai tada zuciya. Furuktosamin, wani awon jinin, sugan sati 2 zuwa 3 baya yake nunawa, na bibiya ne kawai kuma ba ko'ina ake samu ba.

Yaya dai na ce ta fara da na safe ta kai wa likitanta takardar.